Verna Tackett da Dokar Alewa

Shagona na gyaran gashi yana jingine da kantin Verna Tackett. Bango ɗaya ya raba mu, bangon kuma na katako ne, saboda haka ba duk abin da na sani a kanta ne ta gaya mini da bakinta ba, wani ta bango na tsince shi. Tare muka tashi a Tandy Fork, nan cikin tsaunukan Kentucky, tana gabana a makaranta. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta kamar na maƙeri, kuma tun tana yarinya ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba. Ko gaisuwa za ta yi maka, sai na tsallaken titi ya amsa.

Gidansu manoman taba ne tun kaka da kakanni. Ta iya tsinke ganyen taba kafin ta iya rubuta sunanta. Da ta girma ta auri Orville, direban motar madara, mutum mai sanyin hali wanda zai iya wuni bai ce uffan ba, mutanen gari suka ce ai daidai ne, gida ɗaya ba ya ɗaukar baki biyu irin na Verna. Da kasuwar taba ta mutu, maƙwabta da yawa suka sayar da gonakinsu suka bi 'ya'yansu birni. Ita ta ƙi. Ta yi kiwon shanu, ta yi girki a makarantar firamare, ta sayar da ƙwai da tumatir a bakin hanya, gonar dai ba ta bar hannunta ba.

Sai gwamnati ta halatta noman hemp. Shi hemp ɗan'uwan wiwi ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ganye iri ɗaya, wari iri ɗaya. Bambancin kawai, abin da ke bugarwa a cikinsa ɗan ƙanƙani ne. Kakan Verna ya taɓa noma shi a zamanin yaƙi, ana yin igiyar jiragen ruwa da shi, don haka ita ba ta ɗauke shi baƙo ba. Ta karɓi lasisi ta shuka. Da ganyen ya yi tsawo, iska ta kwaso warin ta kai har coci, wani ya kira ɗan sanda. Ya zo ya tsaya a bakin gona yana sosa ƙeya.

"Goggo Verna, wannan fa?"

"Wannan shi ne abin da kake tsammani, kuma ba shi ba ne. Shigo ka ga lasisi, ka sha kofi, ka gaishe mini da uwarka."

Shekara ta farko an samu alheri. Ta biyu kowa ya shuka, kasuwa ta cika ta batse, kamfanin da ya yi alkawarin saye ya rufe ƙofa ya yi layar zana. Rumbun Verna ya cika da busasshen fure ba mai tayawa. A lokacin ne kuma sanyin ƙashi ya kama hannuwan Orville, yatsunsa suka lanƙwashe har ba ya iya ɓalle maɓallin riga. Ta ɗebo furen nan ta dafa cikin mai a tukunyar da take soya kaji, ta haɗa da kakin zuma, tana shafa masa safe da yamma. Ni ba likita ba ce, ba zan ce ya warke ba, don bai warke ba. Amma shi da bakinsa ya ce yana samun barci, kuma mutumin da ba ya magana, in ya yi, ana saurara.

Daga nan aka fara zuwa gida ana roƙo. Da roƙon ya yi yawa, ta kama tsohon shagon abincin dabbobi da ke kusa da nawa ta buɗe kanti. Akwai man shafawa, akwai na ɗigawa a ƙarƙashin harshe, akwai shayi, da zuma, da wata alewa mai danƙo da take yankawa murabba'i, ba launi ba ado. Masu sayenta tsofaffi ne galibi: masu ciwon gwiwa, tsofaffin sojoji, matan da barci ya ƙaurace musu. Orville ya rasu kantin yana da shekara kaɗan. Bayan an share makoki ta dawo ta buɗe, ta ce zama a gida da kujerarsa ya fi tsayuwa wahala.

Tun ranar farko ta kafa wa kanta ƙa'ida, alhali babu wanda ya sa ta: ba ta sayar wa yaro. Saurayi in ya shigo da ɗan gashin baki sabon tsiro, sai ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ba ɗan wance ba ne? Jiya-jiya nake zuba maka wake a makaranta. Me ke ciwo a jikinka? Fita, ka ja mini ƙofa."

Ana nan sai wasu masu wayo a birane suka gano yadda za a sarrafa hemp ɗin nan da sinadarai a fitar da abin da ke bugarwa sosai. Suka yi alewa da shi, suka zuba a ledoji masu ƙyalli, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, da zanen 'ya'yan itace da dabbobi masu dariya, kamar dai alewar yara. Doka kuwa ba ta ce komai ba, don lokacin da aka rubuta ta babu wanda ya yi tunanin haka. Kayan suka cika gidajen mai. A garinmu, wanda ya fi kowa sayar da su shi ne Delmer, ƙanen Verna, autan gidansu, mai gidan man da ke bakin babban titi.

Wata Lahadi bayan coci ina gidanta ana cin abincin rana, wake da burodin masara, ta dube shi.

"Auta, ledojin nan da ka rataye kusa da cingam, ka san me ke ciki?"

"Riba ke ciki, Yaya."

"Ban da riba."

"Doka ta hana?"

"Doka ba ta san da su ba tukuna."

"To ni ma ban sani ba. Miƙo mini albasa."

"Aƙalla ka ɗaga su sama. Daidai idon yaro ka sa su."

"Ke kina sayar da naki, ni ina sayar da nawa. Ko kishi kike yi don nawa ya fi naki kyan riga?"

Ta miƙa masa albasar.

Da bazara abin ya faru. Wani magini ya sayi leda ɗaya a wurin Delmer don kansa, ya bari a kujerar mota ya shiga gida. 'Yarsa Josie, wadda ba ta ma shiga makaranta ba, ta hau motar ta gani, ta cinye tas. Da rana tsaka aka same ta a ƙasan kujera, jiki ya saki, ana kira ba ta amsawa. Aka ruga da ita asibiti. Ta kwana ta wuni ba ta san inda kanta yake ba, sannan Allah ya sa ta farfaɗo ta nemi ruwa. Yarinyar nan jika ce ga Opal Sizemore, wadda muke waƙa tare da ita a coci, mace mai tsananin ibada da tsananin riƙo.

Gari ya ɗauki zafi. Fasto ya yi wa'azi a kai, iyaye mata suka haɗa kai suna neman a haramta duk wani abu da ya fito daga ganyen nan. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma mai fushi ba ya tsayawa tantancewa. Wata safiya muka tarar an watsa wa tagar Verna jan fenti. Ta tsaya ta kalla, ta shigo wurina ta ari bokiti da soso, ta wanke. Da ta gama ta ce mini, "Nadine, rufe shago ki raka ni gidan Opal."

"Za ta kore mu."

"To sai ta kore mu. Ba a taɓa korar ki ba?"

Mun same ta a baranda tana ɓarar wake. Ba ta ce mu zauna ba. Verna ta jawo kujera ta zauna abinta.

"Yaya jikin Josie?"

"Da sauƙi. Ba don ku ba."

"Opal, 'yan majalisa za su zauna a babban birnin jiha su saurari jama'a a kan wannan abin. Zan je in roƙe su su yi mana doka. Ina so ki zo."

"Ni ba doka nake so ba. So nake a rufe ku duka, ke da ƙanenki da kowa."

"To zo ki faɗa musu haka. Hanya ɗaya ce, mota ɗaya ce. Ke ki faɗi naki, ni in faɗi nawa. Abin da ba na so shi ne su zauna babu ke babu ni, sai masu kwat da wuyan riga da kamfanoni suka turo."

Opal ta daɗe tana ɓarar wakenta. Can ta ce, "A gaba zan zauna. Baya yana sa ni amai."

Kafin tafiyar, masu sayar da kayan hemp na yankinmu suka yi taro a ɗakin bayan wani gidan abinci. Ni ba a gayyace ni ba, amma na kai Verna, kuma ƙofa a buɗe take. Yawancinsu shawararsu a yi shiru, guguwa ce za ta wuce. Da Verna ta faɗi abin da za ta je ta nema, aka yi mata caa. Wani ya ce ita mai ɗan kantin tsofaffi, me za ta rasa. Wani ya ce in aka ba gwamnati yatsa, hannu za ta kama har kafaɗa. Delmer ne ya fi kowa ɗaci.

"Yaya, da hannunki za ki saƙa mana takunkumi. Uban yarinyar nan babba ne, da kuɗinsa ya saya, shi ya yi sakaci. Ni na sa mata a baki?"

"Ba kai ka sa mata ba. Amma da ledar ba ta yi kama da alewarta ba, da ba ta taɓa ba. Da tana da murfin da ba za ta iya buɗewa ba, da yanzu ba ma nan."

"Mama da tana raye, da ba ki kai ƙanenki ƙara gaban hukuma ba."

"Mama da tana raye, da tuni ta sauke ledojin nan da tsintsiya, kai ma ta haɗa da kai. Ku ji, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In ba mu nemi gyara ba, raba mu da kayan za a yi gaba ɗaya, kuma ba zan ga laifin wanda ya yi ba."

Delmer ya ɗauki hularsa ya fita. Daga ranar ya daina zuwa cin abincin Lahadi.

Ni na tuƙa su. Tafiya ce mai nisa, Opal a gaba tana kallon titi, Verna a baya tana ba ni umarnin da ban nema ba. A zauren majalisar aka ba kowa ɗan lokaci. Lauyoyin kamfanoni suka yi nasu, wani likitan yara ya yi nasa. Da aka kira Opal ta tashi. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce ta ɗaga hannun jikarta a gadon asibiti ta saki, ya faɗi kamar tsumma, kuma ba ta son wata kaka ta ga haka. Ta ce a haramta. Ta koma ta zauna.

Sai Verna. An gyara mata abin magana, ta ture shi gefe, don ba ta buƙata.

Ta ce ita manomiya ce kuma mai kanti, da hannunta take shuka abin da take sayarwa. Ta ce duk abin da ƙawarta ta faɗa gaskiya ne, ta ga yarinyar da idonta. Ta roƙi kada a sayar wa wanda bai kai shekara ashirin da ɗaya ba, a mayar da kayan bayan kanta inda sai an tambaya, a hana yi musu rigar alewar yara. Ta ce kuma a tilasta wa kowa, har da ita, ya kai kayansa a gwada, a rubuta a jikin kwalba abin da ke ciki, don yanzu ko ita in an tambaye ta ƙarfin zumarta, sai dai ta yi kirdado. Sannan ta ba su labarin Orville da yatsunsa, da tsofaffin da ke zuwa wurinta, ta ce in aka rufe ta ba daina nema za su yi ba, wurin wanda ba shi da kanti za su koma.

Wani dattijo cikin 'yan majalisar ya sauke tabarau ya ce, "Baiwar Allah, ke mai sayarwa ce, amma kin zo kina roƙon a ɗaure miki hannu?"

"Ranka ya daɗe, na yi kiwon shanu. Ba don ƙin saniya ake yin shinge ba. Kuma maƙwabcin da ya san kana da shinge ba ya zuwa da bindiga."

A hanyar dawowa muka tsaya muka sayi soyayyar kaza. Opal tana goge yatsu ta ce, "Ban fa canza ra'ayi ba."

"Na sani."

"Amma kin yi magana."

"Ke ma kin yi. Ba ni cinyar nan in ba za ki ci ba."

Doka ta fito bayan an daɗe ana ja-in-ja. Opal ba ta samu haramcin da ta nema ba. Verna ta samu yawancin abin da ta roƙa, har da ƙarin da ba ta roƙa ba, na rajista da kai-komo da masu duba kanti. Ta kira kafinta ya yi mata doguwar kanta, kaya suka koma baya. Duk wanda ya shigo sai ya nuna katin shaida, ko da furfura ta kai masa gira. Tsofaffi suka yi ta tsokana, wani ya ce rabon da a tambaye shi shekarunsa tun ranar da ya shiga soja.

Gwaji na farko kuwa, a kan Verna ya fara faɗawa. Mai duba kantuna, wata matashiya mai ladabi da ake kira Renata Blevins, ta zo da sakamako tana jin nauyin faɗa. Zumar Verna, wadda ta fi komai fita, ta zarce iyakar da doka ta sa. An yi zafi a shekarar, ta kuma makara wajen girbi, abin da ke bugarwa ya ƙaru a furen ba ta sani ba.

"Goggo, ki yi haƙuri. Ba za a iya sayar da ita ba. Sai an zubar, kuma a gabana."

Verna ta dubi kwalaben nan jere, aikin kaka guda.

"Haƙurin me, 'yar nan? Ni na je na kira ki. Kawai ina tunanin matan da na ce musu cokali biyu ba komai."

Aka loda a mota aka kai bayan rumbu. Labari ba ya kwana a Tandy Fork. Muna cikin saukewa sai ga motar Delmer, wanda ya yi watanni bai taka gonar ba. Ya fito ya jingina da ƙofa, ya harɗe hannu.

"Yaya, an ce tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

"Ya doke ni, na jiƙe, zan bushe. Kallo ka zo ko aiki? Ga shebur can."

Ya ɗan tsaya, don kada a ce ya yi saurin bi, sannan ya ɗauka. Shi ya haƙa ramin, ita ta buɗe kwalabe tana tuttulawa, Renata tana tsaye tana korar ƙudan zuma da takardunta. Yana haƙa yana mita, wai shi ya sauke nasa kayan gaba ɗaya, ba don ya yarda da ita ba, sai don ba zai iya da wahalar rajista ba, yanzu tsutsar kamun kifi ya sa a wurin. Verna ta ce tsutsa ta fi dacewa da fuskarsa. Ranar Lahadi ya zo cin wake.

Akwai kuma matsalar da babu wanda ya hango, har ita. Murfin da yaro ba zai iya buɗewa ba, sai an danna da ƙarfi a murɗa, ashe tsoho mai sanyin ƙashi ma ba zai iya ba. Wata rana Baba Elwood Napier, tsohon soja, ya shigo da ƙunshi a hankici ya baje a kan kanta: fasasshiyar kwalba ce, ya gaji ya sa mata guduma.

"Verna, dokarki ta yi aiki. Yaro bai sha ba, ni ma ban sha ba."

Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta kira Renata ta tambaya. Amsar ita ce dole kwalba ta bar kanti da murfinta a rufe. Ta kai wa Delmer kuka, shi kuwa duk rashin jin maganarsa hannunsa yana da albarka. Ya sassaƙa wani ɗan katako mai rami daidai murfin, da mariƙi dogo, wanda ko da gwiwar hannu za ka iya dannawa ka juya. Ya yi da yawa, tana bayarwa kyauta, amma sai ta yi tambaya.

"Jikoki suna zuwa gidan?"

"Suna zuwa."

"To kwalba a sama, katako a wani saman dabam. In na ji labarin kun haɗa su a teburin gado, da kaina zan zo in karɓe."

Yanzu Verna ta doshi saba'in. Tana girbi da wuri, tana aika kowane kashi gwaji kafin ta liƙa masa suna, kuma in an tambaye ta abin da ke cikin kwalba sai ta juya ta ta nuna da yatsa. Josie ta shiga makaranta, lafiyarta ƙalau. Opal har gobe in an taɓo zancen cewa take da an haramta da ya fi, kuma har gobe kusa da Verna take zama a coci.

Kwanan nan ake ta raɗe-raɗin cewa akwai wata doka daga gwamnatin tarayya da za ta iya shafe sana'ar baki ɗaya. Wasu manoma sun riga sun fasa shuka. Na je gonarta makon jiya na same ta durƙushe a bakin kunya, tire-tiren 'ya'yan shuka jere a gefenta.

Na ce, "Verna, in suka hana fa?"

"Sai in shuka kabewa. Na taɓa yi." Ta tura yatsa cikin ƙasa ta ji ɗuminta. "Amma ba su hana ba tukuna, kuma ƙasa ta yi daidai. Cire takalman gayun nan ki riƙe mini tiren."

Na cire, na riƙe, muka bi kunyar har ƙarshenta.